Yaya Ake Zana Hadari a Kwamfuta?

Wani mai sauraronmu daga Kasuwar Relief a Onitsha ya ce ya ga ana zana hadari a kwamfuta cikin rabin awa, ya fito kamar hoto. Yana tambaya, yaya ake yi?

To Malam, aikin na ido ne kafin na hannu. Da damina, tsaya bakin Kogin Neja ka dubi hadarin da ya haɗo. Ƙasansa baƙi ƙirin ne, domin kaurinsa ya tare hasken rana, samansa kuwa fari fat, ya baje kamar maƙera. Haka ake zana shi. Da babban burushi ake farawa, a shimfiɗa toka-toka mai ratsin shuɗi, sannan a ɗora haske ta gefe guda kawai. Gefen da rana ta haska a bar shi da kaifi, ƙasan a dusashe shi, ruwan ya sauko a karkace. Masu koyo kan cika walƙiya, guda ɗaya ta isa.

Zana gajimare cikin sauri ba sabon abu ba ne. John Constable na Ingila ya yi ta zana gajimare cikin sauri a 1821 da 1822, da fenti.

Game da manhajojin zane kuwa, Photoshop na kuɗi ne, Krita kyauta, ibisPaint kuma na aiki a waya. Da fatan ka gamsu.