Amsoshin Wasiƙunku: Yaro Ya Ci Bak, Yana Son Karatun Noma

Daga nan Kpébié muke gaida Parakou baki ɗaya, da mutanen Djougou masu kama mu in iska ta yi kyau. Wasiƙu sun cika tebur, don haka ba doguwar gaisuwa yau.

Ta farko daga wani dattijo ne a Zongon Djougou. Ya ce doya da kaju ya riƙa sayarwa yana biyan kuɗin makarantar ɗansa don yaron ya rabu da fartanya. Yanzu yaro ya ci Bak, jarrabawar kammala sakandare, ya ce shi karatun noma zai yi a jami'a. Baba yana tambaya, ko asiri aka yi wa yaron?

Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya yi masa asiri. In ma akwai mai laifi, kai ne, da ka nuna masa doya tana biyan kuɗin makaranta. Bari in ɗan tsaya nan, don tambayar ta yi mini daɗi. Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, tana da tsangayar aikin gona, kuma ba saran huɗa ake koya musu ba, wannan kai ka fi malaman iyawa. Ana koya musu ƙasa da abin da ta rasa, da iri, da kiwo, da sarrafa abinci, da lissafin riba da faɗuwa. Ka tuna tsutsar nan da ta faɗa wa masara tun 2016? Mu muna ta fesa magani da tsakar rana, kuɗi na ƙonewa, ita kuwa tana kwance can cikin kunnen masarar, ba abin da kake gani sai kashinta kamar garin katako. Malaman gona suka ce a duba gona tun shuka tana ƙarama, a fesa da sassafe ko da yamma, a kuma sa bakin famfo cikin kunnen. Ko waken soya: wani malami ya taɓa tuge mini ɗaya ya nuna mini 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, ya fasa guda da farce. Ya ce in cikin ya yi ja-ja, to shukar tana haɗa wa ƙasa taki da kanta, masarar da za ta biyo baya ta ci gado. Wannan ilimin ɗanka yake nema, Baba. Ka sa masa albarka, amma ka ware masa wani yanki na gonarka tun shekarar farko, ya gwada abin da ya karanta a gabanka. Wanda ya kammala bai taɓa yin asarar buhu ɗaya na kansa ba, ni dai ban yarda da shawararsa ba.

Ta biyu. Kai, jama'a! "Da wane Bak ake shiga?" Wannan tambaya ta zo makon jiya, ta zo wancan makon, yau ma ga ta har uku. Ku samo biro. Ɓangaren kimiyya ne, Bak D ko C, ko takardar DEAT ta makarantun koyon aikin gona irin na Kika. Lisans shekara 3, masta shekara 2 a kai. In ba Parakou ba, akwai tsangayar noma a Abomey-Calavi, akwai kuma jami'ar noma ta ƙasa da ke da sassa a Kétou. Mai jin Turancin Ingilishi ya tsallaka Samaru ta Zariya. Wanda ya sake tambaya, zan karanta sunansa in ce ba ya sauraro.

Wani ya ce ko na san wanda zai shigar masa da ƙanensa ta bayan fage. Ban sani ba, malam. Mu wuce.

Wata Hajiya daga nan Kpébié ta ce 'yarta na son karatun noma, amma maƙwabta sun ce karatun maza ne. Hajiya, ki leƙa kasuwar Arzèkè ki ga su wa ke riƙe da awarar soya da man kaɗe da garin rogo. Matan da ke wannan aikin ba su nemi izinin maƙwabta ba. Ki bar ta ta je, akwai sashen sarrafa abinci, akwai na kiwo.

Sai wani matashi da ya gama tun bara yana zaune gida: ina aikin gwamnati? Ɗana, gaskiya ɗaya ce, ofis ba zai ɗauke ku duka ba. Akwai ATDA, hukumar raya aikin gona wadda dattawa har yau suke kira CARDER, akwai tashar bincike ta Ina, akwai kamfanonin auduga da ƙungiyoyin manoma, ka kai takardunka ko'ina. Amma kafin a kira ka, je ka cibiyar Songhaï ta nan Parakou ka ga yadda ake haɗa kaji da kifi da lambu a wuri guda, kashin wannan ya zama abincin wancan. Kuma ka rage zama a majalisar shayi, ina ganinku in na wuce.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Malamin da ya aiko tambaya kan rikicin shanu da gonaki a hanyar Tchaourou, taka ba ta minti biyu ba ce, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A tashi lafiya.