Dawo da Abokin Ciniki da Ya Daina Amfani da Manhaja: Darasi Daga Abbatuwar Jos

A watannin farko na shekarar 2023, sa'ad da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a duk faɗin Nijeriya, mahauta da masu sarin nama na unguwar Abbatuwa da ke Jos sun shiga halin tsaka mai wuya. Nama ba haja ba ce da za a ajiye a jira gobe, ga shi kuma mai saye ba ya da kuɗi a hannu. Dole ta sa su, kamar takwarorinsu na sauran kasuwanni, suka sanya manhajojin biyan kuɗi irin su OPay da PalmPay da Moniepoint a wayoyinsu. Bayan da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris na wannan shekara cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, kuɗi ya dawo hannun jama'a sannu a hankali. Wasu suka riƙe manhajar, wasu kuwa suka koma ga tsabar kuɗi, suka bar ta a kwance.

Irin waɗannan mutane dukiya ce da kamfani ya riga ya kashe kuɗi wajen samunta, ta hanyar talla da ladan wakilai, amma ba ta kawo ko kwabo. Yawan masu rajista kuwa ba ya nuna yawan masu amfani. Alal misali, wani bincike da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 game da eNaira, wadda aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2021, ya nuna cewa kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya a kowane mako.

Hanya mafi arha ta neman wanda ya yi shiru ita ce wasiƙar imel, kuma arhar tata ce ke jefa kamfanoni cikin kuskure. Tun da aika dubu ɗaya da aika dubu ɗari kusan kuɗinsu ɗaya ne, sai a rubuta takarda guda a watsa wa kowa. Alhali kuwa dalilan barin manhaja sun sha bamban. Mahaucin da ya taɓa ba da nama bisa shaidar biya ta bogi, kuɗin bai shigo ba, amana ce ta ɓaci a wurinsa, kuma tayin rangwame ba zai gyara ta ba. Abin da yake bukata shi ne a nuna masa yadda zai tabbatar kuɗi ya shiga kafin ya miƙa kaya. Wanda ya yi rajista bai taɓa ciniki ba, wataƙila bai iya ba ne, koyarwa yake so. Wanda ya canza waya ya manta lambar sirrinsa, hanyar komawa kawai yake nema. Duk wannan yana rubuce a cikin bayanan kamfanin, wato ranar cinikin ƙarshe da abin da ya faru a ranar, in dai za a duba kafin a ɗauki alƙalami.

Ita kanta wasiƙar ta zama gajera, mai magana ɗaya da buƙata ɗaya, cikin harshen da mutumin ke ciniki da shi. “Alhaji, akwai sauran kuɗinka a asusunka tun watan Afrilu, ga yadda za ka duba” ya fi shafi guda na yabon kamfani. Kada kuma a kuskura a nemi lambar sirri a cikinta, domin wannan ita ce siffar wasiƙun 'yan damfara, kuma ɗan kasuwa ya san ta sarai. Yana da kyau a tuna masa cewa, bisa ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta watan Yuli na 2024, asusun da ya shekara ba a motsa shi ba ana lasafta shi a matsayin wanda ya kwanta.

Sai dai akwai abin da masu tsara talla daga ofis kan manta. Mutane da dama a kasuwa suna da adireshin Gmail ne kawai saboda mai sayar da waya ya buɗe musu domin a iya sauke manhaja, ba su taɓa leƙa akwatin ba. Imel zai iya samun mai otal ko mai shagon sanyi da ke sarin nama yana riƙe da lissafi a rubuce. Mahaucin da ke bakin aiki tun da asuba kuwa, saƙon tes ko na WhatsApp, ko kuma wakilin kamfani da ya bi ta hannun sarkin fawa, shi ne zai same shi.

Nacin aikawa ma yana da nasa farashin. Tun daga 2024 kamfanin Google ya shar'anta wa masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail cewa su sanya hanyar daina karɓar saƙo da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000. Wanda ya ƙetare wannan iyaka, wasiƙunsa na iya faɗawa akwatin tarkace, har da waɗanda yake aika wa abokan cinikinsa na kullum. Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba kowa ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen talla. Saboda haka wasiƙa uku a cikin wata guda sun wadatar, ta ƙarshe tana tambaya ko mutum yana son a ci gaba da rubuto masa. Wanda bai amsa ba a cire sunansa daga jerin, sauran kuma a auna su da adadin waɗanda suka sake yin ciniki a cikin kwana 30.