Na'urar Nuna Mai Kira: Za a Iya Dogara da Ita?

Wani mai sauraronmu daga Ungogo yana tambaya: wace na'ura ce ke nuna lambar mai kira, kuma ana iya amincewa da ita?

To Malam, a zamanin wayar girke ta NITEL, ɗan akwati ne mai gilashi da ake jona shi da wayar gida. Kafin ka ɗaga, lambar da ta kira ta fito tare da lokaci. Da GSM ta shigo Najeriya a 2001, aikin ya koma cikin salula. Yanzu ma ga Truecaller, manhajar wani kamfanin ƙasar Suwidin, wadda har suna take nunawa.

Sai dai sunan nan daga littafin lambobin jama'a take tattaro shi. Ɗan damfara na iya yi wa kansa rajista da "Ma'aikacin Banki", kana tsaka da shuka gero wayarka ta yi ƙara, ka ga sunan ka saki jiki. Lambar ma ana iya ɓadda ta.

Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka ta waya. Duk wanda ya nema, katse shi, ka je reshe da ƙafarka. Idan saƙonnin talla ne suka dame ka, tura STOP zuwa 2442. Da fatan Malam ya gamsu.