Yadda Garkuwar Jikin Akuya ke Tona Asirin Kitse a Jinin Mutum

Kitse ba ya gauraya da ruwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Shi ya sa hanta ba ta sakin maiƙo cikin jini kara zube. Sai ta ƙunshe shi cikin 'yan ƙananan ƙunshi, kowanne ta ɗaura masa furotin guda tak mai suna ApoB. Su ne ke maƙalewa a bangon jijiya, su toshe hanyar jini, har a kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Mai wannan rubutu, wanda sana'arsa gwajin jini ce a yankin Jega, yakan kwatanta wa masu karɓar sakamako wannan lamari da kasuwar albasa ta Aliero. Gwajin kolestarol da aka saba yana faɗin yawan buhunan da aka loda. Gwajin ApoB kuwa motocin yake ƙirgawa, kuma yawan motoci ke cushe hanya. Kolestarol kan fito daidai alhali ƙunshin sun yi yawa, musamman ga masu ciwon sukari.

To yaya ake ƙirga abin da ido ba ya gani? Da sinadarin garkuwar jiki, wato antibodi. Ana yi wa akuya, tunkiya ko zomo allurar ApoB na ɗan Adam, jikin dabbar ya haɗa garkuwar da ke kama wannan furotin kaɗai, a tace ta daga jininta. Da an zuba ta cikin ruwan jinin majinyaci, sai ta cafke ApoB su dunƙule, ruwan ya gurɓace, na'ura ta haska shi ta auna. A 1975, Köhler da Milstein sun gano hanyar samar da garkuwa iri ɗaya zalla a Kambirij ta Ingila, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 1984. Tun 2015 har allurar rage kolestarol ake yi da irin wannan garkuwa.

Sai dai sinadarin gwajin ApoB ba ya jure zafi. Yana son firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan zafin bazara ya taɓa shi, ko a hanya ko don rashin wuta, sakamakon ba abin dogaro ba ne. Wannan darasi ne ga ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega: a duba ranar ƙarewar aikinsa, a rubuta lambar kwalba, a fara gwada shi da samfurin da aka san adadinsa.

Maganar da mai wannan rubutu ya fi ji ita ce, "Malam, ni ai ba ni da ƙiba." Siriri ma kitse kan taru masa a jini, wani lokaci ta hanyar gado, kuma ba ya zuwa da ciwo. Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama, duk mai hawan jini, ciwon sukari, ko wanda ciwon zuciya ya ɗauke wani nasa da ƙuruciya, ya daure ya je asibiti ya nemi a duba masa kitsen jini.