Wasiƙa ga samarin gidajen kallo na Jega, Aliero da Maiyama

Ƙannena da 'ya'yana.

Maganata a kan abin da ke biyo bayan usur ɗin ƙarshe ne, lokacin da aka kashe janareta aka watse daga gidan kallo. Wani ya fito yana ƙyalƙyala dariya, wani ko sallama ba ya amsawa. Akwai wanda tuwon dare ke gagararsa don Arsenal ta sha kashi a Landan, garin da bai taɓa takawa ba.

Ba zan ce muku shirme ne ba. Ciwon na gaske ne, har likitoci sun auna shi. A gasar cin kofin duniya ta 2006, likitocin birnin Munich sun ga masu zuwa asibiti da ciwon zuciya na gaggawa sun ninka fiye da sau biyu a ranakun da Jamus ke wasa. Mu ma mun gani a gida. Daren 7 ga Fabrairun 2024, da Najeriya ta kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, an yi rashin mutane a gaban talabijin, cikinsu har da tsohon ɗan majalisar wakilai Cairo Ojougboh. Kuma wannan wasan mu muka ci, a bugun fenariti. Saboda haka in baba yana fama da hawan jini, ku daina ja masa kujera gaba ranar babban wasa.

Me ya sa abin ke ci haka? Ka ba ƙungiya zuciyarka, amma ba ka da hannu a komai nata. Manomin albasa a Aliero, in ta ƙi, ya san abin da zai gyara baɗi, ko iri, ko ban-ruwa, ko rumbun ajiya. Kai kuwa minti 90 kana ihu a kan benci, ba mai jinka a fili, fushin ya taru ya rasa mafita. Sai ya sauka a kan ƙanenka ko matarka.

Sai dai mu faɗi gaskiya, rabin zafin ba na ƙwallon ba ne, na gobe da safe ne. Ka san masu tsokana suna can suna jiranka a majalisa, a teburin mai shayi, a tashar Jega, har mai kabu-kabun da zai ɗauke ka ya tanadi tasa. Kunyar ce ke hana barci. To mu wa zai koya wa tsokana? Mun gaji wasan taubasai, mun ga Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzage, suna yi wa juna ba'ar da baƙo zai ɗauka faɗa ne, a ƙarshe su ci a kwano ɗaya. Wasan ya daɗe ne don yana da ƙa'ida: ba a taɓa iyaye, ba a tona asirin gida, kuma wanda ya yi yau ya san gobe tasa ce. Ɗan Chelsea taubashinka ne, haka za ka riƙe shi. In aka bar ƙa'idar, abin ba ya tsayawa a baki. A 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, wani direba a jihar Ribas ya afka da motarsa cikin masu murna, mutum huɗu suka rasu.

Akwai kuma wanda fushinsa ba na ƙauna ba ne sam. Ya sa kuɗi. Cacar waya ta shigo gidajen kallo a ɓoye, kuma ana gane mai ita: yana zagin ɗan wasan ƙungiyar da ba tasa ba, idonsa na kan waya fiye da allo. Ɗalibi ya sa kuɗin rajista, yaron shago ya sa cinikin ubangidansa, mai shinkafa a Maiyama ya sa kuɗin taki. Hukuncinta a addini kun sani, ba sai na maimaita ba. Abin da zan ƙara kawai, wanda aka cinye ba ya tsayawa, ramuwa yake nema, kuma ramuwar ce ke kai shi ga bashi. In abokinka ne, kada ka yi masa dariya a majalisa. Ka ja shi gefe, in ya ƙi ji ka sami yayansa.

Ku gaida mutanen gida.

Naku,
Kawunku