Monitocin da ke Cikin Ƙwaƙwalwarmu



A zangon da ya wuce mun tashi daga Gwandu zuwa Kalgo gasar kacici-kacici. Ana tsakiyar gasa wani yaro ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa. Kowa ya watse, har da mu, ana cewa kar yawunsa ya taɓa mutum. Kunyar gudun nan ce ta kai mu wurin malamin kimiyya.

A cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai sashen da ake kira hifokamfas. Shi ke karɓar sabon karatu kafin ya zauna. Ƙwayoyin jijiyarsa na aika wa juna saƙo ta wata 'yar mahaɗa. A 1973 masana biyu, Bliss da Lomo, suka buga binciken da suka yi a kan zomaye a birnin Oslo: mahaɗar da saƙo ke yawan bi takan ƙara ƙarfi, kamar hanyar gona da ƙafa ta saba da ita. Shi ya sa tilawa ke riƙe hadda.

Amma ba duk ƙwayoyin ke cewa "tashi" ba. Kusan ɗaya cikin goma aikinsu cewa "yi shiru", da wani sinadari mai suna GABA. Mu dai monitoci muka raɗa musu. Wasunsu kan harba saƙo fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, su ke tsara wa zai yi magana da kuma yaushe. Su ma mahaɗarsu tana ƙarfi ko ta yi rauni. Ashe monita ma koyon aiki yake yi!

To, ku tuna ajinmu in malami ya fita kuma monita bai zo ba. Idan masu tsawatarwa suka gaza, dubban ƙwayoyi kan harba lokaci guda. Wannan na cikin hanyoyin da farfaɗiya ke tasowa, kuma sau da yawa daga hifokamfas. A 1953 a Amurka an cire wa Henry Molaison yawancin wannan sashe saboda farfaɗiya. Ciwon ya ragu, amma ya daina riƙe sabon abin da ya faru da shi.

Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. In wani ya faɗi, a janye benci, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali a baki. In ya wuce minti 5, sai asibiti.