Amsar Tambaya: Shin Har Yanzu Akwai Aiki a Fannin Kwamfuta?

Tambaya: Malam, lokacin korona an ce wanda ya koyi kwamfuta ya huta. Yanzu kuma ina jin ana ta korar ma'aikata. In shiga ko in fasa? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, masu hasashen 2020 sun ga jama'a a kulle, ana taro ta Zoom, ana sayayya ta intanet, sai suka ɗauka haka za a dawwama. Kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Da gari ya buɗe, kuɗin ruwa ya tashi a Amurka a 2022, lissafi ya watse. Kamfanin Meta ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023.

A ganina, wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne sabon shiga da bai iya komai ba sai rubuta 'yar ƙaramar manhaja, domin ChatGPT da ire-irensa suna yin wannan kafin ka kurɓi shayi. Amma banki ba zai daina neman mai tsare shi daga masu kutse ba, haka kuma asibiti da makaranta suna buƙatar wanda zai haɗa musu na'urori, ya tashe su in sun tsaya.

Ka shiga, amma kada ka dogara da hasashen kowa, har nawa. Ka riƙa karanta tallan neman ma'aikata, ka rubuta ƙwarewar da ake yawan maimaitawa, ita za ka fara koya. Ka kuma bincika shirin koyar da fasahar kwamfuta na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023.